Tarihin Zoɓo: Jan Kofin da Ke Raka Nama a Kudancin Kano

 Yau tarihin kofi za mu taɓa, ba na sarauta ba.

A Faransa da Italiya akwai tsohuwar ƙa'ida: jar giyar inabi mai kauri, da jan nama mai kitse ake haɗa ta. Dalili? Tana da tsami da bauri, su kuwa suna wanke maiƙo daga baki, sai loma ta gaba ta yi daɗi kamar ta farko. To wannan ilimin, mu ma muna da shi, ba tare da an je kusa da haram ba.

Mu koma baya kaɗan. Giya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, Maguzawa sun daɗe suna dafa ta da dawa. Musulunci ne ya raba ta da teburin jama'a, jihadin Shehu Usmanu na 1804 ya ƙara ƙarfafa hanin. Turawa da suka ci Kano a 1903 ma, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta sa sun taƙaita shigo da barasa mai ƙarfi Arewa. A 2000 kuma Kano ta ƙaddamar da Shari'a. Kenan gurbin da giya ta riƙe a can, a nan tsamiya da yakuwa ne suka riƙe shi.

Yakuwa fa ba abin da ake yarwa a jikinta. Ganyen ya shiga fate da miya, 'ya'yan a yi daddawar batso, jan ɓawon da ke lulluɓe su kuma shi ne zoɓo. Daga Tiga a Bebeji, zuwa Kwanar Ɗangora a Kiru, har Tudun Wada da Doguwa a bakin dajin Falgore, inda damina ta fi ta arewacin jihar ƙarfi, a gefen gonar dawa ko masara za ka gan ta, kamar ba a damu da ita ba. Amma ita ce bisaf a Senegal, karkade a Masar da Sudan. Mexico kuwa har daga Najeriya take sayen busasshensa.

Yanzu ga haɗin. Balangu, tsire, ko soyayyen naman Layya: zoɓo mai kauri suke so, wanda ya ji citta da kanumfari, sukari kaɗan. In kin zuba kanwa da yawa, Hajiya, kin kashe tsamin, aikin nasa kuwa kenan. Dambu ko waina, a tsinka shi, kar ya danne su. Alkaki da nakiya kuwa, zaƙi kan zaƙi, gara ruwa.

Abin tsoron shi ne, a bukukuwanmu yanzu lemon kwalba ya kori tulu. Zoɓon da ya rage ma an cika shi da sukari da fulebo har ba ka jin yakuwar. Muna loda buhuna ana fita da su waje, mu muna shan kala.

Don haka in Sallah ta zo, ku tambayi kakanninku yadda suke jiƙa nasu, tun suna nan.