Shin Garkunan Taurarin Farko Sun Girmi Zamaninsu? Martani ga Ra'ayin Shekara Biliyan 26.7

A shekarar 2023 mujallar Monthly Notices ta ƙungiyar masana taurari ta Ingila ta buga maƙalar Rajendra Gupta na Jami'ar Ottawa a Kanada, inda ya ce sararin samaniya ya shekara biliyan 26.7, wato kusan ninki biyu na biliyan 13.8 da aka sani. Jaridu suka yi caa a kan maganar, kuma har yau ɗalibai kan tare ni da ita bayan lacca, suna tambaya ko littattafanmu sun tashi aiki. Ban ga laifin mujallar ba, don fagen ilimi ba ya ƙin baƙon ra'ayi. Abin da nake ganin ya karkace shi ne harsashin da aka ɗora ginin a kai: cewa madubin hangen nesa na James Webb ya gano garkunan taurari, waɗanda ake kira galaksi, da suka balaga tun kafin a ce sun samu lokacin balaga.

Shimfiɗar ba ta buƙatar dogon bayani ga abokan aiki. Ƙiyasin biliyan 13.8 ya fito ne daga awon tsohon hasken da ya rage tun sararin samaniya na da shekara kusan 380,000 (tawagar Planck, 2018). Webb kuwa an harba shi ranar 25 ga Disamba 2021, da madubi mai faɗin mita 6.5, kuma yana gani da hasken da ke ƙasa da ja, inda hasken abubuwa masu nisa ke komawa bayan faɗaɗar sarari ta miƙe shi. Wannan miƙewa ita ake aunawa da harafin z.

Rigimar ta soma ne a watan Fabrairun 2023, lokacin da Labbé da abokan aikinsa suka bayyana wasu ɗigo shida jajaye a mujallar Nature, a tsakanin z 7.4 da 9.1, wato shekara miliyan 500 zuwa 700 bayan Babbar Fashewa. Sun ƙiyasta cewa mafi girmansu na iya ɗauke da taurari masu nauyin rana biliyan 100. Boylan-Kolchin (2023) ya lissafa cewa in haka ne, to sai an ce kusan duk iskar da ke cikin waɗannan garkuna ta koma taurari, abin da ba a taɓa gani ba a ko'ina. Nan Gupta ya shigo. Ya haɗa tsofaffin ra'ayoyi biyu: na gajiyayyen haske da Zwicky ya kawo a 1929, cewa haske na rasa ƙarfi a doguwar tafiya, da na Dirac na 1937, cewa wasu tsayayyun lambobin kimiyyar lissafin halitta na iya sauyawa da zamani. Da wannan haɗin, abin da ke z 10 ya samu shekara biliyan 5.8 na girma maimakon ƙasa da miliyan 500. Matsala ta kau, in ji shi.

To amma mene ne aka gani da ido, mene ne kuma aka ƙiyasta? Wannan tambaya ita ce zuciyar maganar, kuma a ganina an tsallake ta da gaggawa. Babu wanda ya ɗora garken taurari a kan sikeli. Abin da masani ke gani a fuskar kwamfutarsa ɗigo ne ja, wani lokaci bai fi 'yan ƙwayoyin hoto ba, an ɗauke shi ta matatun launi shida ko bakwai. Daga hasken kowace matata ake lissafa nisa, daga nisa a lissafa ainihin haske, daga nan kuma a juya haske zuwa nauyi, bisa zaton cewa duk hasken na taurari ne, kuma rabon manyan taurari da ƙanana daidai yake da na garkenmu. Zato a kan zato ke nan har hawa uku. Labbé da mutanensa, a yi musu adalci, sun kira abubuwan nasu 'yan takara ne kawai, sun kuma ce sai an tabbatar. Waɗanda suka gina sabon sararin samaniya a kansu su ne suka yi cinikin kifi a ruwa.

Da na'urar NIRSpec ta Webb ta fara rarrabe hasken irin waɗannan ɗigo zuwa bakansa, sai labari ya sha bamban. CEERS-93316, wanda hotuna suka ajiye a wajen z 16, ya tabbata yana z 4.9 ne (Arrabal Haro da abokan aiki, 2023): ƙura da wasu layukan iska masu ƙarfi ne suka faɗa daidai cikin matatun, suka kwaikwayi kamannin nisa. Da yawa cikin ƙananan jajayen ɗigon nan kuma an ga layin haidurojin ɗinsu ya yi faɗi ƙwarai, alamar iska mai gudun dubban kilomita a daƙiƙa, irin wadda ake samu a kewayen baƙin rami mai haɗiyar abu. In wani kaso na hasken daga can yake fitowa, to nauyin taurarin da aka lissafa ya zarce gaskiya. Chworowsky da abokan aiki (2024) sun ware irin waɗannan ɗigo daga ƙidaya, sai ratar ta ragu zuwa kusan ninki biyu na abin da aka yi hasashe. Ninki biyu abin dubawa ne, amma ba shi ne zai sa a rushe gida ba.

Hujjar da na fi dogara da ita kuwa ta fito ne daga garkunan da nisansu ya tabbata. Ɗauki JADES-GS-z14-0, wanda aka sanar a watan Mayun 2024, muna ganinsa kamar yadda yake shekara kusan miliyan 300 bayan farawa. Faɗinsa kamar tafiyar haske ta shekara 1,600 ne, alhali garkenmu ya kai 100,000. Nauyin taurarinsa na rana miliyan ɗaruruwa ne, namu na biliyan gommai. Haskensa na samarin taurari ne masu zafi. Wannan ba dattijo ba ne, yaro ne mai ƙarar murya. In da garkunan wannan zango sun shekara biliyan huɗu ko biyar kamar yadda lissafin Gupta ke ba su, da mun ga tarin tsofaffin taurari jajaye da suka cika su, da kuma ƙarafa masu yawa kamar na rana. Ba haka ake gani ba a galibinsu. Za a ce ai na'urorin ALMA da ke Chile sun gano iskar oksijin a cikinsa a 2025, fiye da yadda aka zata. Haka ne. Sai dai tauraro mai nauyin rana 25 ba ya cika shekara miliyan 10 kafin ya fashe ya watsa oksijin ɗinsa, don haka miliyan 100 ma ta isa a yi zuriya bayan zuriya. Tsarin Gupta ya ba garkunan lokacin da bakan haskensu ke cewa ba su yi amfani da shi ba.

Sai kuma tambayar da ta fi sauƙi: ina tsofaffin? Ƙananan taurari jajaye na iya rayuwa fiye da shekara biliyan 100, saboda haka duk wanda aka haifa shekara biliyan 20 da suka wuce yana nan da ransa. Agogo uku masu zaman kansu muke da su. Dunƙulallun tarin taurari na garkenmu suna ba da biliyan 12 zuwa 13 da ɗoriya. Sanyin fararen wadannin taurari, wato gawayin da tauraro ke bari in ya mutu, ya ba da kusan biliyan 11.5 a tarin NGC 6397 (Hansen da abokan aiki, 2007). Ruɓewar yuraniyom da toriyom a tauraron HE 1523-0901 ta ba da kusan 13.2 (Frebel da abokan aiki, 2007). Uku ɗin nan ba su haɗa hanya da awon Planck ba, amma duk sun tsaya a bakin katanga ɗaya. Tauraron HD 140283, da ake wa laƙabi da Metusela kuma ake yawan kafa hujja da shi, an ba shi biliyan 14.46 a 2013 da kuskuren awo na miliyan 800 sama ko ƙasa, wanda tun a lokacin bai saɓa wa 13.8 ba, wani lissafi na 2021 kuma ya sauko da shi zuwa wajen 12.

Na san amsar da mai kare wannan ra'ayi zai bayar, kuma ya kamata a saurare ta. Zai ce in tsayayyun lambobi na sauyawa, to agogon taurari ma ya sauya, don haka 13 ɗinmu na iya zama 26 a nasa ma'aunin. Zai kuma ce lambobin suna sauyawa ne tare, ta yadda awon da ake yi a nan kusa, kamar harba hasken leza zuwa madubin da aka bari a kan wata, ba zai kama su ba. Ban ce wannan ba zai yiwu a takarda ba. Amma ƙonewar tauraro da sanyin farin wada da ruɓewar yuraniyom dokoki ne daban-daban ke tafiyar da su, kuma sai sauyin ya ruɗe su duka da gwargwado ɗaya, ya kuma ajiye su daidai kan lambar da tsohon tsari ya riga ya faɗa. Nauyin nuna hakan, tauraro bayan tauraro, yana wuyan mai da'awa. Kuma ra'ayin da duk inda aka je auna shi sai a ce ya ɓuya, da wuya a san ranar da za a iya kama shi da kuskure.

Akwai hujjar da aka saba jefa wa gajiyayyen haske wadda zan yi taka-tsantsan da ita. Faɗaɗar sarari tana jan lokaci kamar yadda take jan haske: fashewar tauraro a z 1 za ta ɗauki ninki biyu na kwanakinta a idonmu, gajiya kuwa ba ta jinkirta komai. White da abokan aiki (2024) sun auna wannan a fashe-fashe kusan 1,500, suka samu jinkirin ya dace da faɗaɗa zalla, da kuskuren kusan kashi 1 cikin 100. Wannan ya rufe ƙofar Zwicky tsantsa. Sai dai awon bai wuce z 1.2 ba, tsarin Gupta kuma gauraye ne, yana da faɗaɗa a ciki, rigimar kuwa tana can sama da z 10. Don haka ba zan ce wannan hujja ita kaɗai ta kashe maganar ba. Ta dai ƙuntata mata wuri.

A nan dole ni ma in rage faɗin da'awata. Ban ce babu abin mamaki ba. Ruwa ba ya tsami banza. Garkuna masu tsananin haske sama da z 10 sun fi yawan da akasarin hasashen kafin Webb ya bayar, kuma wannan ya tsira daga gwajin bakan haske: MoM-z14, da aka tabbatar a z 14.44 a 2025, shaida ne. Bayanan da ke kan tebur sun haɗa da haihuwar taurari a guguwa-guguwa, wadda ke sa ƙaramin garke ya haska na ɗan lokaci (Sun da abokan aiki, 2023), da saurin juya iska zuwa taurari a cunkoson farko kafin fashe-fashe su kore ta (Dekel da abokan aiki, 2023), da yiwuwar manyan taurari sun fi yawa a wancan zamani. Ba a yanke hukunci tsakaninsu ba. Ban kuma ce daidaitaccen tsarin da ya ba da 13.8 ya kuɓuta daga kowace tuhuma ba: saɓanin 67 da 73 a ma'aunin Hubble na saurin faɗaɗar sarari yana nan, kuma sakamakon binciken DESI na 2024 da 2025 ya nuna alamar ɓoyayyen makamashi na iya sauyawa. Amma gyare-gyaren da waɗannan ke nema ba sa kusantar ninka shekaru biyu. Abin da shaida ta yarda in faɗa shi ne cewa raunin yana cikin fahimtarmu ta yadda iska ke zama taurari a shekaru miliyan 500 na farko, fannin da kafin 2022 kusan babu awon da ya taɓa gwada shi. A bar wannan ɓangare mai rauni a je a taɓa wanda agogo huɗu, har da na Planck, suka yi ittifaƙi a kansa, ina tsoron garin neman gira a rasa ido.

Hanyar da za a kayar da ni a buɗe take, kuma ba ta da tsada: a nuna tauraro ɗaya a garkenmu da awo mai kyau ya ba shi shekara biliyan 20, ko garke ɗaya sama da z 10 wanda bakan haskensa ya nuna taurari masu shekara biliyan uku. Kafin a kawo ɗaya daga cikinsu, lambar da zan ci gaba da rubuta wa ɗalibaina a allo ita ce 13.8.