Rumana: yadda ake shuka ta da kula da ita a gida

Rumana tsiro ne mai dogayen ganye masu kama da takobi, wanda masana ke kira Gladiolus, daga kalmar Latin mai nufin takobi. Ɗaya daga cikin nau'o'in da ke fitowa da kansu a dazuzzukan Afirka ta Yamma shi ne Gladiolus dalenii, kuma yana cikin iyayen irin da ake sayarwa a shagunan furanni na Turai. Likita J. M. Dalziel ya rubuta sunanta na Hausa a ƙamus ɗinsa na tsirrai na 1916.

Ba daga ƙwaya aka fi shuka ta ba, daga curin gindinta ne. Curin dunƙulalle ne kamar gwaza, ba shi da hawa-hawa irin na albasa, kuma kowace shekara tsohon yakan shanye, sabo ya fito a kansa.

Ƙasar jigawa, irin ta Mashi da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, ta dace da ita, domin ruwa ba ya kwanciya. Kwantaccen ruwa da ɗanyen taki su ne manyan masu ruɓar da curi, saboda haka a gauraya ƙasar da takin da ya riga ya ruɓe. A binne curin a zurfin santimita 10 zuwa 15, tsininsa yana kallon sama, a bar tazara tsakaninsu, a wurin da rana ke samu sosai. Lokacin da ya fi shi ne bayan damina ta kankama, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Mai rijiya ko famfo yana iya shukawa a Nuwamba, amma a guji bazara.

Takan yi fure cikin kwana 70 zuwa 90. Karan yana da nauyi, iskar hadari kan kwantar da shi, sai a kafa masa sanda. Awaki kuwa sai da shinge. Idan za a yanki fure, a bar aƙalla ganye huɗu, don su ne ke ciyar da sabon curi. Nan ne masu gaggawar share fili suke yin asarar irin baɗi.

Idan ganye ya yi rawaya, a tono curin, a shanya a inuwa mako biyu zuwa uku, a ɓalle tsohon, a ajiye a kwando inda iska ke ratsawa, ba a leda ba. Ƙananan 'ya'yan da ke manne da shi sukan ɗauki shekara biyu ko uku kafin su yi fure.