Ranar 9 ga Nuwamba a Tarihin Jamus

Ranar 9 ga Nuwamba ta sha juya al'amuran ƙasar Jamus. A wannan rana ce, cikin 1918, aka shelanta murabus ɗin Sarki Wilhelm na Biyu, aka kafa jamhuriya. A 1923 Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a birnin Munich, 'yan sanda suka murƙushe yunƙurin. A 1938 'yan Nazi suka ƙone wuraren ibadar Yahudawa, suka farfasa kantunansu. A 1989 kuwa aka buɗe katangar Berlin.

Ta'asar 1938 ita ce babban dalilin da ya hana Jamusawa mai da wannan rana ta bikin ƙasa. Sai suka zaɓi 3 ga Oktoba, ranar da ƙasar ta sake haɗewa a 1990.