Waliyyiya Katarina ta Siena: 'yar marini da ta tunkari Fafaroma

Katarina ta Siena na cikin manyan waliyyan ɗariƙar Katolika, kuma ta shahara da zuhudu da ganin wahayi. An haife ta a birnin Siena na ƙasar Italiya a shekarar 1347, a gidan wani marini mai suna Jacopo Benincasa. Da iyayenta suka matsa mata ta yi aure, sai ta aske gashin kanta. Daga bisani ta shiga sahun mata masu bin tafarkin Dominikan waɗanda ke ibada a gidajensu, ta yi shekara uku tana halwa a ɗan ƙaramin ɗaki.

Abin lura shi ne halwar ba ta raba ta da jama'a ba. Bayan wahayin da ta ce ta gani na ɗaurin aure na ruhu da Yesu Almasihu, ta fito tana jinyar marasa lafiya, har da lokacin annobar 1374. Mabiyanta sun ruwaito cewa a 1375, a birnin Pisa, ta sami tabon raunukan gicciye, waɗanda ita kaɗai ke gani.

A wancan zamani fafaromomi sun ƙaura zuwa Avignon, a Faransa ta yau, tun 1309. Katarina, wadda ba ta da muƙami ko karatun boko na zamaninta, ta yi ta aika wa Fafaroma Gregory na 11 wasiƙu masu zafi, sannan ta je da kanta a 1376 ta nemi ya koma Roma. Ya koma a watan Janairun 1377. Masana tarihi na saɓani kan nauyin maganarta a wannan shawara, amma wasiƙunta kusan 380 da suka wanzu sun nuna ba ta shakkar sarki ko malami.

Tsananin azumi ya cinye jikinta, ta rasu a Roma ranar 29 ga Afrilu, 1380, tana da shekara 33.

An ayyana ta waliyyiya a 1461. A aƙidar Katolika, waliyyi majiɓinci shi ne wanda ake roƙo ya yi wa wata ƙasa ko masu wata sana'a addu'a. Katarina ta zama majiɓinciyar Italiya a 1939 tare da Faransis na Assisi, ta nahiyar Turai kuma a 1999. Ma'aikatan jinya ma na kamun ƙafa da ita. Gawarta na cocin Santa Maria sopra Minerva a Roma, kanta kuwa na ajiye a Siena.