Daga randar kaka zuwa akwatin kifi

A Kongolam, nan bakin iyakar Nijar, kakanninmu ba su san famfo ba, amma sun iya gyaran ruwa. Da damina in ruwan tafki ya yi jajir, kakata takan daka ƙwayar zogale ta barbaɗa a randa, ko ta kaɗa alif, laka ta kwanta, sannan ta tace da ƙyalle. Irin wannan tacewar ce ma'aikatan lafiya suka inganta, suka bi ƙauyuka suna raba ƙyallen tace ruwa don yaƙar kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da cutar.

Yanzu ƙanena ke kiwon kifin ado cikin akwatin gilashi a Daura, yana cigiyar abin da zai zuba a matatar ruwan akwatin. Na ce ya ƙyale zobban yumbun kanti masu tsada, ya farfasa tsohon tulu, ya wanke tsingaron tas. Gasasshen yumbu ƙananan ƙofofi gare shi, nan bakteriya masu amfani ke zama suna cinye amoniyar kashin kifi. Sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Daga nan in zai ɗauraye tsingaron, da ruwan akwatin zai yi, don kulorin ɗin ruwan famfo kashe bakteriyar yake.