Daga Gafakar Malami Zuwa Laburaren Jama'a: Tarihin Samun Littafi a Kudancin Katsina

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyoyin da littafi ya riƙa bi yana isa hannun mai karatu a kudu maso yammacin ƙasar Katsina, wato yankin da ya ƙunshi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna cikin 34 na Jihar Katsina, kuma mazaɓa ɗaya suka haɗa a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Suna cikin ɓangaren da magabata suke kira Katsina Laka, ƙasar noma mai yalwar ruwan sama, wadda ta yi iyaka da Zamfara ta yamma da ƙasar Birnin Gwari ta kudu.

Galibin abin da aka rubuta game da tarihin ilimi a Katsina ya tsaya ne a cikin birni, tsakanin hasumiyar Gobarau da Kwalejin Katsina. Amma tambayar da ta dame mu a nan ita ce: mutumin ƙauye da ya iya karatu, ina yake samun abin karantawa? Za mu duba matakai huɗu na tarihi, sannan mu fito da abin da suke koya wa duk mai nufin kafa ɗakin karatu na jama'a ko farfaɗo da shi a wannan yanki.

2.0 Zamanin Gafaka

Tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru ƙasar Katsina ta san littafi. A birni an yi malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, da Muhammadu al-Kashinawi wanda ya yi rubutu a kan ilimin hisabi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. A kudu kuwa, cibiyar ilimi mafi suna ita ce 'Yandoto, kusa da Tsafe. Yau tana cikin Jihar Zamfara, amma a da tana cikin daular Katsina, kuma maƙwabciyar ƙasar Faskari ce. Yusufu Bala Usman ya yi bayanin matsayin waɗannan garuruwa na kudu a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981.

A wancan zamani littafi dukiya ce mai tsada. Takardar ma daga Italiya take zuwa, ta biyo fatake daga Tarabulus ta ratso hamada. Da hannu ake rubutawa, da alƙalami da tawada, a bar warƙoƙin ba ɗinki, a tsare su da fata, a sa a gafaka. Saboda haka zauren malami shi ne laburaren gari. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun ilimi zai fara da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya haura zuwa Risala, ga kuma Ishiriniya ta yabon Annabi. In yana son nasa littafin, sai ya ari na malam ya kwafa, ko ya biya marubuci ya kwafa masa.

Wannan tsari yana da ƙarfi ta fuska biyu. Na farko, littafi ba ya rabuwa da mai bayaninsa, domin malamin da ya ba ka aro shi ne zai fassara maka da Hausa. Na biyu, aro ya ginu bisa sanayya da amana, ba a bukatar rajista. Rauninsa kuwa shi ne kwafi ɗaya tak yana iya zama shi kaɗai ne a gari, gobara ko gara ko rabon gado su hallaka shi. Yaƙi ma haka. Da malaman 'Yandoto suka ƙi bin masu jihadi, Muhammadu Bello ya ci garin a shekarun farko na jihadin da aka fara a 1804. Shehu al-Kanemi na Barno ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello ya musa zargin a cikin Infaƙul Maisuri, ya nuna cewa shi da kansa ya bi yana tsince takardun da iska ta watsa bayan an ci wani gari, kuma masana tarihi da dama suna danganta wannan labari da 'Yandoto. Kowane ɓangare mutum ya gaskata, abin lura shi ne manyan shugabanni biyu sun ɗauki salwantar littafi a matsayin laifin da ya isa a yi muhawara a kansa.

3.0 Boko da Ɗakunan Karatu na En'e

Zuwan boko ya kawo matsala sabuwa: an koya wa yara karatu da baƙaƙen Turawa, amma babu abin da za su karanta da harshensu. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar ƙaga labarai a 1933. Biyu daga cikin waɗanda suka yi fice malaman makaranta ne a Katsina, wato Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da Bello Kagara mai Ganɗoki. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce, sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya.

A wannan lokaci ne kudancin Katsina ya buɗe sosai. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa, ta isa Ƙaurar Namoda a 1929. Auduga ta jawo kamfanoni da akawuna da baƙi, aka yi gidan gurza a Funtuwa da gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari. Inda aka sami akawu da malamin gona da malamin haraji, dole a sami mai neman jarida.

Ɗakin karatu na jama'a, a ma'anarsa ta yanzu, ya shigo Arewa ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Gwamnatin mulkin mallaka ta so jama'a su riƙa jin labarin yaƙi ta bakinta, sai aka sa hukumomin En'e suka buɗe ɗakunan karatu, aka zuba jaridu da taswirori da hotuna, British Council kuma ta taimaka da littattafai. Ke nan asalin ɗakin farfaganda ce, ba bukatar mai karatu aka fara dubawa ba. A 1952 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa laburaren jiha a Kaduna, wanda aikinsa ya haɗa da aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan En'e da horar da masu kula da su. Shekara guda bayan haka, a 1953, UNESCO ta yi taronta a Ibadan kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka.

Duk da haka ɗakunan ba su kama ƙasa ba, kuma dalilan a fili suke. Yawancin littattafan na Turanci ne, an rubuta su don mutanen Ingila. Mai kula da ɗaki ƙaramin ma'aikaci ne marar horo, wanda ya san in littafi ya ɓace shi za a tuhuma, don haka ya ga kulle kabad ya fi masa kwanciyar hankali. Ɗakin kuma yana kusa da ofis, inda talaka ba ya zuwa sai da dalili, matan aure kuwa ba maganarsu ake ba. A 1963 F. A. Sharr, wani masanin laburare daga Ostareliya, ya gabatar da rahotonsa kan bukatun Arewa, ya ba da shawarar gwamnatin jiha da En'e su haɗa hannu a tsari ɗaya, a kuma horar da ma'aikata. Sashen koyar da aikin laburare na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka buɗe a 1968, yana cikin amfanin da aka samu daga wannan yunƙuri.

Abin da ya fi ɗakunan En'e isa ƙauye shi ne Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie, mutumin Katsina, yake cikin jagororinsa. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga farkon shekarun 1950 zuwa 1959, ta buga ƙananan littattafai masu araha da boko da ajami, ta kuma fitar da jaridun larduna, na Lardin Katsina ita ce Himma. Bambancin a nan shi ne an ɗauki takarda an kai wa mutum inda yake, da harshen da yake ji.

4.0 Zamanin Jihohi

A 1967 aka raba Arewa jihohi shida, Lardin Katsina da na Zazzau suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976. Aka raba kayan laburaren Kaduna tsakanin sababbin jihohin. A 1976 ɗin aka rushe tsarin En'e, ƙananan hukumomi suka gaje shi, aka kuma fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, wadda ta kafa tata hukumar laburare.

Waɗannan sauye-sauye sun haifar da giɓi. Yawan masu iya karatu ya ƙaru ƙwarai saboda makarantun firamare sun shiga ƙauyuka, amma a kowane rabo laburare yana farawa ne daga babban birnin jiha, garuruwan nesa su zauna jira. Faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta ƙara tsadar takarda da littafi, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga ƙagaggun labaran Hausa.

5.0 Shagon Haya da Wayar Hannu

Jama'a ba su jira gwamnati ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka fara buga littattafansu da kansu, abin da manazarta suka kira Adabin Kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suna cikin fitattunsu, haka ma Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, wadda garinta yake dab da yankin da muke nazari. Littattafan sun bi 'yan tebur zuwa kasuwannin mako, aka kuma sami shagunan haya, inda ake biyan ɗan kuɗi kaɗan a karanta a mayar. Yaro shi ne ɗan aike tsakanin shago da cikin gida. Ta haka matan kulle, waɗanda ɗakin En'e bai taɓa kaiwa gare su ba, suka zama manyan masu karatun Hausa.

An soki waɗannan littattafai ta fuskar jigo da ƙa'idojin rubutu, kuma wasu soke-soken suna da hujja. Amma ta fuskar tarihin laburare, shagon haya ya warware abin da ya gagari hukuma: yana cikin unguwa, da Hausa yake, mai shi ya san abokan hulɗarsa. Tsarin amanar zaure ne ya dawo a sabuwar riga.

Bayan shigowar wayar salula a 2001, da kuma yaɗuwar intanet daga baya, karatu mai yawa ya koma cikin waya. Wasu suka ɗauka an gama da littafin takarda. Abin da ya faru a wannan yanki ya nuna akasin haka. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida, aka kuma rufe makarantu a jihar. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na tsawon watanni. Ɗalibin da makarantarsa take rufe, wayarsa ba layi, ba shi da abin karantawa sai wanda yake a hannunsa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

6.0 Abin da Tarihi Ya Koyar

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari huɗu.

Na farko, harshe. Hausa ta kamata ta zama ginshiƙin ɗakin, da boko da ajami, sannan Larabci da Turanci su biyo. Ana iya farawa da abin da 'yan ƙasa da mazaunanta suka rubuta: Ruwan Bagaja da Ganɗoki, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Ga yara akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ga malamai kuma Hausa a Rubuce nasa na 1988. A ƙara da littattafan makaranta da na noma da kiwon lafiya.

Na biyu, isarwa. Babban gini ɗaya a hedikwata ba zai amfani mutanen Daudawa ko 'Yankara ko ƙauyukan Sabuwa ba. Akwatunan littattafai da ake juyawa tsakanin makarantun firamare da islamiyyu na matan aure sun fi dacewa, kuma ko wani abu ya sami akwati ɗaya, sauran suna nan.

Na uku, ma'aikaci. A horar da shi, a kuma auna aikinsa da yawan littattafan da aka ara. Littafin da ya tsufa a hannun masu karatu ya yi aikinsa.

Na huɗu, adana abin gida. Gidajen malamai suna riƙe da rubuce-rubucen hannu, dattawa suna riƙe da tarihin Pauwa da Birnin Kogo, ga waƙoƙin noma da na fada. Gudun hijira yana raba mutane da irin wannan kaya. Ya kamata sassan Hausa da na tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma su ɗauki hoton takardun da izinin masu su, su naɗi muryoyin, a ajiye kwafi a yankin, wani kuma a Katsina.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa kudancin Katsina bai taɓa rasa masu son karatu ba, tun daga almajiran 'Yandoto har zuwa matan da ke aika yara shagon haya. Tsarin da ya yi nasara a kowane zamani shi ne wanda ya kusanci mai karatu, ya yi masa magana da harshensa, ya kuma amince masa da littafi. Wanda ya gaza shi ne wanda aka tsara daga nesa aka kulle a kabad. Aikin da ke gaban ɗaliban babban digiri shi ne su shiga waɗannan garuruwa su ƙididdige abin da ke cikin gafakokin malamai, tun masu riƙe da su suna raye.