Ranar da Wuta ta Ci Tashar New Road

Da yammacin Litinin, 18 ga Maris 2013, wajen ƙarfe biyar, wata mota ƙirar Golf ta kutsa tashar New Road da ke Sabon Garin Kano. A irin wannan lokaci ne manyan motocin safa ke lodi, domin tafiyar dare suke yi zuwa Legas da Fatakwal da garuruwan ƙasar Ibo. 'Yan ƙunar baƙin waken suka doshi wata safa maƙil da fasinja, bam ya tashi, wuta ta cinye motoci biyar. 'Yan sanda sun ce mutum 22 suka mutu, 65 suka jikkata, amma shaidun gani da ido sun ce adadin ya zarce haka. Aka ɗora alhakin a kan Boko Haram.

Wanda ya zaɓi wurin ya san abin da yake yi. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe Sabon Gari wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, domin baƙi daga kudancin Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas. Wato zango ne, irin wanda kakanninmu suka kafa a Kumasi da Yawunde, sai dai a can mu ne masu masauki. Mu da muke zaman 'yan tsiraru mun san abin da ke biyo bayan irin wannan labari: zaman ɗar-ɗar. Hausawan Anaca da Aba sun kwana da fargaba, don ba su manta Fabrairun 2006 ba, sa'ad da kisan da aka yi a Maiduguri ya jawo ramuwa a kansu a Anaca.

A wannan karon ramuwar ba ta auku ba. Shugabannin Ibo sun nuna fushi, amma sun nemi a kai zuciya nesa. Kuma bam ɗin bai tambayi ƙabilar kowa ba. Tashar mota wurin neman abincin 'yan dako da 'yan kamasho da masu talla ne, da yawansu Hausawa.

A watan Mayu Shugaba Jonathan ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Kano kuwa ba ta huta ba: bam ya sake tashi a tashar a Yulin 2014, sannan ranar 24 ga Fabrairu 2015 'yan ƙunar baƙin wake suka afka wa tashar Kano Line, inda fasinjojin akasarinsu 'yan Arewa ne.